Lamba ta Arba'in da Uku

Aikina a asibitin ido shi ne shigar da sunaye. Ofishina ɗan ɗaki ne a bayan wurin ba da magani, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, sai fanka mai ƙara. Duk wanda aka rubuta wa aikin cire yanar ido, a jadawalina yake sauka: suna, shekaru, ranar rajista, da ɗan gurbin ƙarin bayani.

A watan da abin ya faru, mutum ɗari da sha biyu ke jira. Likitocin tiyata kuwa kwana uku za su yi mana, mutum arba'in kawai za su iya.

Babbar likita ta leƙo ta ce, "Jera mini su bisa ranar rajista. Wanda ya riga zuwa shi ne a sama. Ki buga arba'in ɗin farko kafin a tashi."

Na zaɓi jadawalin gaba ɗaya, na danna. Sunaye suka sauya wuri, kowa ya faɗa inda ranarsa ta ajiye shi. Na gangara ina duba. Kawu ne na arba'in da uku.

Ƙanin mahaifiyata ne, tela. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Shekara guda ke nan da ya rufe shago saboda yanar ido.

Ina zaune sai ga wayar Inna. Na gaya mata gaskiya.

"Mutum uku kacal?" ta ce. "Ba a hannunki abin yake ba? Ke dai wallahi ba ki da kara."

Ranar rajistarsa sha tara ga wata ce. Na goge lambar ɗayan da ke gaban tara, ta koma tara ga wata. Na sake jerawa, Kawu ya hau zuwa talatin da shida. Babu wanda zai taɓa sani.

Sai idona ya sauka kan wadda ta zame zuwa arba'in da ɗaya. Tsohuwa ce 'yar saba'in da huɗu, yana ta rufe idanunta biyu duka. A gurbin bayani, ni da kaina na rubuta, "Ita kaɗai take zaune. Ta ƙone a murhu sau biyu." Na tuna hannunta da bandeji.

Na daɗe ina kallon layin. Sannan na mayar da ɗayan, na jera, na buga.

Da aka tashi na wuce gidan Kawu. Yana tsakar gida kan tabarma, rediyo a gefensa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har gogewar da na yi.

Ya ce, "To da kin bar shi haka, da wane ido zan kalle ki?" Ya ɗan yi dariya. "Ko da yake yanzun ma ba ni da shi."

Ni ban iya dariyar ba.

"Tashi, 'yar nan. Ki bar ni da Innarki."

Sati uku Inna ba ta ɗaga wayata ba. Kawu ya ƙara wata bakwai a cikin duhu, kuma a ciki ya faɗi a banɗaki ya karya wuyan hannu. Ni na kai shi aka ɗaure.

Da likitocin suka dawo, shi ne na uku. Ina tsaye aka cire masa auduga. Ya yi ta ƙifta ido, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah," ya ce. "Yaushe kika fara sa tabarau?"