Ranar da Mashin ɗin Baba Kumai Ya Ja Gaba

Shekara talatin da ɗaya Baba Kumai ya yi yana okada a Kafanchan, ko tabon ƙurjewa babu a jikinsa. Da lokacinsa ya yi, a kan gadonsa ya rasu, da safe, bayan ya sha kunu. Shi ne ciyaman na 'yan okada na bakin tasha. Hular kwano ba ta barin kansa ko a layin ƙosai, kuma saboda tafiyarsa a hankali, mata masu ciki da masu ɗauke da ƙwai shi kaɗai suke jira, ko da mashin goma na tsaye babu fasinja.

Gershon, mataimakinsa, ba haka yake ba. Baba ne ya koya masa tuƙi, amma shi gudu ne ya shiga jininsa. Wata biyu kafin rasuwar, Baba ya dakatar da shi na sati guda saboda ya kusa shiga ƙarƙashin tirela da fasinja. Gershon ya yi fushi, ya daina gaishe shi. Yana ta cewa gobe zai je ya ba da haƙuri, har mutuwa ta riga shi. Yanzu abu ɗaya ya rage masa: ya sa kafaɗarsa a akwatin Baba, ya kai shi bakin kabari.

To, al'adar 'yan okada ce, idan nasu ya mutu, su raka gawa da wasan mashin. A ɗaga ƙafar gaba, a miƙe tsaye a kan sit, a saki hannu ana hon. A rakiyar bara mutum uku aka kwasa zuwa asibiti. Wannan karon har an fara gyaran salansa, don ciyaman ne, kuma tafiyar har Fadan Kagoma ce, garinsu.

Ranar jana'iza matarsa, Mama Rosemary, ta kira Gershon gefe, ta danƙa masa makulli.

"Mashin ɗin Babanku ne zai ja gaba, kai za ka hau. Ba wanda zai wuce shi. Idan mutum ɗaya ya wuce, ko na ga ƙafar mashin a sama, ba ɗan okada da zai taɓa akwatin mijina. 'Yan kwaya, mawaƙan coci, za su ɗauka."

"Haba Mama, 'yan kwaya? Rabinsu tsofaffi ne."

"Su ba su karya ƙafar kowa ba."

Aka fito da mashin ɗin, tsohon ja, mai madubi biyu cif, abin da Gershon ya manta rabonsa da gani. Ya sanar da doka. Misbahu, ɗan gidan masu sai da albasa a kasuwa, wanda ya fi kowa iya tsayuwa a kan sit, ya buga tsaki.

"Oga, wannan ai ba rakiya ba ce, hukunci ne."

"Ka je ka faɗa mata da bakinka."

Misbahu ya leƙa fuskar Mama a motar gawa, ya dawo ya ɗaura hularsa.

Suka kama hanya, mashin sun fi ɗari a baya, motar gawa a tsakiya. Gershon ya murɗa hannu don ya ji ƙarfin injin, mashin ya yi ƙara kamar injin markaɗe, bai ƙara komai ba. Ashe Baba ya sa makaniki ya ɗaure masa gudu tuntuni.

Nan aka gane wani abu da ba wanda ya sani. Mutanen da suke tuƙi babu hannu, ba su iya tafiya a hankali ba. Kan mashin sai rawa yake, ƙafafu na sauka ƙasa, wannan ya taɓa bayan wancan a yi ta "sori, sori". Misbahu ya matso daf da kunnen Gershon.

"Oga, don girman Allah ƙara wuta kaɗan, ƙuguna zai ɓalle."

"Wutar ke nan duka, ɗan'uwa."

Wani mai keke ɗauke da buhun citta ya wuce su, ya cire hula ya yi musu gaisuwar rashi, ya ci gaba abinsa.

Saura kaɗan su shiga gari, a gindin wani hawa, mashin ya yi tari sau biyu ya mutu. Gershon ya buga kik har gumi ya jiƙa rigarsa, ko motsi. A bayansa injina suka fara kuka. Ya san mutanensa sarai. Idan ya jingine mashin ɗin a gefen titi, sauran hanyar nan tsere za ta zama, kuma shi ke nan, ba shi ba akwatin Baba.

"Bar shi a nan, hau bayana," in ji Misbahu. "Ko Baba ne zai gane."

Gershon ya waiwaya. Mama ta sauke gilashi tana kallonsa. Sai ya sauka, ya kama kan mashin da hannu biyu, ya fara turawa.

Ba mashin da zai iya bin mai turi a kan hawa yana kunne. Misbahu ne ya fara kashe nasa, yana gunaguni. Na bayansa ya kashe, na baya ma haka, har titin ya yi tsit, sai ƙarar takalma da haki. Wani ya ɗauko waƙar coci, numfashi bai kai shi ƙarshen baiti ba. Can sai ga Mama Rosemary ta sauko daga mota, ta zo ta ɗora hannu a kan sit ɗin mijinta, tana tafiya tare da su.

Sun iso fasto ya gaji da jira har ya cire kwat. Mama ta tsaya a ƙofar coci ta duba su ɗaya bayan ɗaya, gwiwa da gwiwar hannu, ba ta ga jini ba. Ta nuna Gershon da Misbahu da wasu huɗu.

Da akwatin ya sauka a kafaɗarsa, Gershon ya jingina kuncinsa da katakon, ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri." Hawaye suka haɗu da gumin, ba wanda ya iya bambancewa.

Bayan an rufe kabari, Gershon yana zaune a ƙarƙashin mangwaro, Mama ta miƙo masa kwanon shinkafa.

"Ci da kyau, ɗana, akwai sauran turi. Mashin ɗin nan ba a Kagoma zai kwana ba."