Fasinjojin Masuku

Duk ranar Asabar tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa uku sukan haɗu a bayan shagon wani mahauci a Luveve, gefen Bulawayo. A gasa musu nama, su ci da tuwon masara, sannan su shiga abin da ya kawo su, wato musun mota. Gumede yana da tsohuwar Marsandi, Mguni yana da 'yar ƙaramar Datsun, Masuku kuwa Fijo ce doguwa mai kujera layi uku, wadda ya saya tun 'ya'yansa biyar suna gabansa. Musun bai taɓa ƙarewa ba, don babu mai sauraron wani a cikinsu.

"Tawa dai ba ta taɓa kwana a hanya ba," in ji Mguni.

"Ina za ta kwana, mutum biyu sun isa su ɗauke ta su kai maka gida," in ji Gumede. "Ni ko a kwana mai kaifi da yatsa ɗaya nake juya sitiyari."

"Sauran yatsun suna nuna gidan mai," in ji Mguni.

Masuku yakan bari su gaji, sannan ya ce in dai maganar laushi ce babu mai ja da tasa. Da gaskiyarsa, amma akwai abin da yake ɓoyewa. Irin wannan mota nauyi take so. In ta cika da jama'a sai ta kwanta a kan hanya luf, in kuwa bayanta wayam yake sai ta dinga tsalle a gargada kamar ɗan akuya. Bai san haka ba sai da yaran suka watse, uku a Johannesburg, biyu a Ingila, uwarsu NaZenzo kuma ta rasu. Ranar da ya fara zuwa ƙauye shi kaɗai, motar ta jijjiga shi son ranta. Ya tsaya a gefen hanya ya yi kuka, kuma ba don ciwon baya ba.

Da ya dawo sai ya cika buhuna biyar da yashin rafi. Mai hankali a but zai zuba su ya huta. Shi kuwa sai ya bi mazaunin da aka saba: babban buhu a bayan direba, wurin ɗansa na fari Zenzo, biyu a kusa da shi, biyu a layin ƙarshe, ƙaramin a jikin taga inda auta Lungile take zama saboda amai. Ya lulluɓe su da barguna. Tun daga nan yake ajiye motar nesa da na abokansa, a kulle. In sun ce ta yi masa girma ya sayar, sai ya ce yara za su zo Kirsimeti, a ina zai zuba su? An yi Kirsimeti da yawa yana faɗin haka. Ya gwammace su ce masa mai taurin kai da su ji tausayinsa.

Wannan Asabar ɗin Gumede ya karɓo kofin ƙarfe a wajen mahauci ya cika shi da ruwa.

"Yau za a daina cika baki. Mu uku mu shiga kowace mota, a ɗora kofi a gaba, a bi burjin nan har dam a dawo. Wadda ta fi rage ruwa ita ce sarauniya."

 Masuku ya ce tayarsa ba iska, suka ce akwai famfo. Datsun ta dawo da kofi wayam da wandon Mguni a jiƙe. Marsandi ta rage rabi. Da suka zo kan Fijo, Mguni ya buɗe ƙofar baya ya yaye bargo, sai ya fashe da dariya.

"Ashe maguɗi kake mana, SaZenzo, baban Zenzo? Zo ka ga laushin motar, Gumede, buhu-buhu!"

Gumede bai yi dariya ba. Ya san yaran nan tun suna goye, ya sha ganin motar tana wucewa coci da kawuna biyar a baya. Ya dubi babban buhu, ya dubi ƙaramin na jikin taga.

Mguni yana share hawayen dariya ya ce, "To me ya hana ka jibge su a but?"

"Zenzo ba ya zama a but," in ji Masuku.

 Mguni ya mayar da bargon a hankali, har yana gyara gefensa.

"A bar su," in ji Gumede. "Motar iyali da iyali ake gwada ta." Ya kama ƙofar gaba zai shiga, sai ya tsaya. "Nan fa babu buhu."

"Wurin uwarsu ne," in ji Masuku. "Na gwada sawa. Na kasa."

Gumede ya saki ƙofar. Ƙattin tsofaffi biyu suka matsa tsakanin buhunan yashi, gwiwa a ƙirji. Masuku ya ja mota. Ta bi gargadar nan luf har dam ta dawo, ruwan kofi yana rawa amma bai zuba ba. Babu wanda ya yi maganar sarauniya.

Suna sauka wayar Mguni ta yi ƙara, jikoki suna jiran ya kai su aski. Gumede kuma matarsa ta aike shi tumatir tun safe. Ya dafa kafaɗar Masuku ya ce gobe bayan coci ya zo su ci abinci. Masuku ya ce to.

Ya koma gida a hankali, rana tana dukan kujerar gaba. Ya shiga da motar tsakar gida, ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya dubi madubi.

"Mun iso, a sauka," ya ce, kamar yadda ya saba.

Ya daɗe a zaune da makulli a hannu. Babu ƙofar da ta buɗe.