Tafin Hannun Onarabul

Ana gab da soja su miƙa mulki aka aiko mota ta ɗauki Sabuwa daga Ƙofar Kaura zuwa GRA. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce; manya kan neme ta idan ciwonsu ba na bin layin asibiti ba ne.

Alhaji Sammani, zaɓaɓɓen ɗan majalisa, ya buɗe mata tafukan hannunsa. Ƙuraje ne ja-ja, marasa ƙaiƙayi. Ya ce gaisawa da talakawa lokacin kamfe ce ta jawo. Likita kuwa ya riga ya auna jini, ya ce tunjere ne, ciwon da ake ɗauka ta saduwa, ya aiko da allura ta mutum biyu. Sabuwa ta sa Onarabul ya yi rub da ciki, ta soka masa. Mutumin da ya yi alkawarin tsaya wa jama'a ya ciji matashin kai yana nishi.

Damuwarsa ɗaya ce, hannun ya washe kafin ranar rantsuwa. Da ta tambaye shi labarin matarsa Fiddausi, ya ce lafiyarta ƙalau, juna biyu ne kawai gare ta. Sabuwa ta gaya masa in ba a yi mata allurar ba, ciwon na iya kashe ɗan tun a ciki. Ya daɗe yana duban hannunsa, sannan ya yarda, bisa sharaɗin a ce mata ta ƙarin jini ce.

A ɗaki Fiddausi ta miƙo hannu, lalle ya rufe tafin baƙi ƙirin. Ta ce Alhaji ne ya sa ta ƙunsa, don matan 'yan siyasa za su zo barkar cin zaɓe. Sabuwa ta shafa, ta ji ƙurajen a ƙarƙashi.

"Iya, ta ƙarin jini ce, ko?"

Alhaji na tsaye bakin ƙofa yana gyaran murya.

"Ta tunjere ce, ɗiyata, irin wadda na yi wa maigidanki. In ya sake kawo miki, ki neme ni tun kafin ki nemi mai lalle."

Fiddausi ta dubi mijin sau ɗaya, ta juya masa baya. "Soka, Iya." Ko motsi ba ta yi ba.

Da Sabuwa ta fito, direba ya ce babu mai a mota. Ta hau acaba.

Ƙarshen damina aka haifi yaron lafiya lau. Ba a gayyaci Sabuwa suna ba. A rediyo ta ji Onarabul yana gode wa malaman da suka taya shi addu'a.