Ramin Uwar Ɗaki

Tsohon maƙerin zinariya bai bar wasiyya ba, kalma biyu kawai ya bari. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ya karkata masa baki, wata takwas ba ya iya haɗa magana. Sai ranar da zai cika ya damƙi hannun autarsa ya ce, "Uwar ɗaki." Ya huta, ya sake cewa, "Uwar ɗaki." Daga nan bai ƙara ba.

Auta ba ta ɗauki maganar da nauyi ba. Ita ta yi jinyarsa tun daga ranar da ya faɗi, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci da cokali, kuma ta saba jin gutsattsarin maganar da ba ta da kai. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan da keken ɗinkinta. Gidan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, falo ne ɗaya da uwar ɗaki ɗaya, sai ɗan tsakar gida da kicin. Amma duk faɗin duniya nan kaɗai take da shi, a falon take ɗinki, a falon take kwana. Kuskurenta ɗaya ne: da aka dawo daga binne tsohon, yayyenta maza biyu suka tambaye ta ko Baba ya faɗi wani abu, ita kuma ta faɗa musu gaskiya.

Babban yayan direban babbar mota ne, har sunansa ya ɓace, kowa Direba yake ce masa. Mai bi masa Dogo ne, mai walda. Shekara shida ba sa ga maciji da juna, tun wata walda da Dogo ya yi wa motar Direba ta ɓalle a tsakiyar hanya. A wata takwas ɗin jinya, zuwan da kowannensu ya yi ba zai cika yatsun hannu ɗaya ba, shi ma sai ya aiko an duba masa ko ɗayan yana nan.

To, duk layin an daɗe ana raɗe-raɗin cewa shekara arba'in tsohon yana share ɓurɓushin zinariyar da ke zuba a teburin aikinsa, yana narkawa, yana ɓoyewa. Shi bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba. Da yayyen suka ji kalmomin nan biyu, a tare suka juya suka kalli ƙofar uwar ɗakin.

Bayan kwana huɗu Direba ya zo da hantsi, riƙe da ledar lemu, mutumin da bai taɓa kawo wa mara lafiya ko ruwan sanyi ba.

"Auta, ke kika sha wahalar Baba, kowa ya sani," in ji shi. "Mu duba ɗakin nan ni da ke, mu raba biyu. Wancan dogon banzan ba sai ya ji ba."

"Yaya, babu abin da za a duba. Ni nake share ɗakin nan kullum."

"Sharewa daban, dubawa daban."

Da yamma Dogo ya iso da kayan aikinsa, ya gyara mata ƙyauren kicin da ta shekara biyu tana roƙonsa ya gyara. Yana gamawa ya rage murya.

"Ƙanwata, kin san halin mutumin nan. In ya riga mu, ko ƙyallin abin ba za mu gani ba. Ki ba ni mabuɗi kawai, rabonki yana nan."

Shi ma ta hana shi. Hanawar nan ce ta yi abin da dangi kaf suka kasa yi a shekara shida, domin kowannensu ya fita yana cewa a ransa ba banza ta ƙi ba. Ranar Asabar sai ga su a mota ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, da diga biyu da shebur da baro. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon sulhun da ta ƙulla ba da saninta ba.

Da silin suka fara, suka ɓanɓare shi. Suka farke katifar da tsohon ya cika a kai, suka kwance bayan durowa, suka ƙwanƙwasa bango taku-taku suna kasa kunne. Da ba su sami komai ba suka fasa simintin ƙasa.

Shirin nasu kuwa abin dariya ne, in da mai ƙarfin yin dariyar. Kwaɗo biyu suka saka wa ƙofar, kowa da mabuɗinsa, Auta ba ta da ko ɗaya. Ba mai shiga sai da ɗan'uwansa. In Direba zai zaga bayi, dole Dogo ya fito daga ramin ya tsaya a tsakar gida har ya dawo. In diga ta daki dutse ta yi ƙara, su biyun suke durƙusawa har kawunansu su gwaru. Da yamma kafin su tafi, kowa ya zazzage aljihunsa a gaban ɗayan, suna yi suna murmushi wai wasa ne.

Sati uku ana wannan. Ƙasa ta cika tsakar gida, ta fara shigowa falo. Jar ƙura ta bi zare, ta bi yadin mutane, ta shiga cikin keken har ya fara cije ɗinki. Mata biyu suka zo suka karɓe kayansu ba a ɗinka ba, ɗaya ma ba ta yi sallama ba.

Maƙwabcinsu birkila ne, dattijo mara yawan magana. Ya leƙo rannan, ya ga ramin ya kai ƙirjin mutum, ya daɗe yana kallon bangon da ya raba uwar ɗakin da falo.

"'Yar nan," ya ce da Auta, "bangon tsakiyar nan shi ke ɗauke da rufin gidan gaba ɗaya. Saura taku biyu su kai tushensa. In suka taɓa ƙarƙashinsa, ba ɗakin kaɗai zai tafi ba, har inda kike kwana."

Ta faɗa wa yayyenta. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta haɗa su da girman iyayensu.

"In muka samu, sabon gida za mu gina miki," in ji Direba.

"Mai bene," in ji Dogo. A kan wannan dai bakinsu ɗaya ne.

Ranar wata Laraba wata mata mai aiki a wani babban gida ta kawo ɗinkin labule. Ta ajiye ƙunshin a kan tebur tana kaɗe ƙura daga mayafinta.

"Uwar ɗakina ta ce a gama kafin ƙarshen wata, baƙi za ta yi."

Almakashi na hannun Auta, ta tsaya cak.

"Wa kika ce?"

"Uwar ɗakina mana, wadda nake wa aiki."

Auta ta zauna a kan kujerar keken. Ta tuna tana ƙarama, Baba yakan saka rigarsa mai kyau ya ce zai je ya gaida uwar ɗakinsa. Wata mai shagon kayan ado ce a tsohuwar kasuwa, ita ta ɗauke shi yana saurayi ba shi da ko guduma, ta ba shi kusurwa a shagonta, ta saya masa ma'auni. Sati uku ana haƙar ɗaki, ashe mutum tsohon yake nufi.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta bar ƙarar diga a bayanta ta hau mota zuwa tsohuwar kasuwa. Shagon ya zama wurin sayar da waya, amma wani mai gyaran agogo ya kwatanta mata gidan. A can ƙarshen wani lungu ta sami tsohuwar zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idanunta sun yi fari fat.

"Inna, ni ce autar maƙerinki."

"Allah sarki. Matso in taɓa ki." Tsohuwar ta shafa fuskar Auta. "Kin gyara rufin?"

"Wane rufi, Inna?"

"Na gidan mana. Shekara goma sha ɗaya gwangwanin da ubanki ya ba ni ajiya yana ƙarƙashin gadona. Nauyi gare shi kamar dutsen guga, ban taɓa buɗewa ba. Ya ce in ya rigaye ni, na Auta ne, ta gyara gidan ta zauna, kada ta yi yawon haya. Ai yayanki ya zo ya karɓar miki, kwana biyu da rasuwar. Ya ce ke kika aiko shi, ba ki iya fitowa."

Auta ta ƙara matsowa kusa da ita.

"Wane yayan, Inna?"

"Au, ba ke kika aiko shi ba?"

"Wanne ne a cikinsu? Babban ko mai bi masa?"



"'Yar nan, ni da ba na gani? Muryar ubanku na ji a bakin ƙofa, har gabana ya faɗi. Na ce wane ne, ya ce ɗan maƙeri ne. Ban tambayi wanne ba."

Auta ba ta yi musu ba. Ita kanta in ɗayansu ya kira ta a waya, sai ta duba suna take sanin da wa take magana. Kuma kowannensu yana da hanyar sanin tsohuwar: Direba ne babba, ya fi kowa tuna zamanin shagon, Dogo kuma ya yi shekara guda yana koyon ƙira a can kafin ya gudu.

A mota tana dawowa ba zinariyar ce ta fi ci mata rai ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya san babu komai a ɗakin tun kafin ya ɗaga diga. Ya kawo mata lemu, ko ya gyara mata ƙyaure, gwangwaninta yana gidansa. Ya farke katifar ubansa don kada a zarge shi. Duk da haka ta ɗan ji sanyi a ranta, don a ganinta in ta faɗi gaskiya haƙa ta ƙare, ko ba komai bangon zai tsira.

Ta same su a cikin ramin, jiƙe da gumi, sun yi ja har gira. Ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa musu komai, tana kallon fuskar wannan tana kallon ta wancan.

Dogo ne ya fara magana.

"Yanzu maganar makauniya za ki kawo mana?"

Gaban Auta ya faɗi, don ba ta ce musu makauniya ce ba. Ta buɗe baki ke nan Direba ya tsoma nasa.

"Tun bara ta makance, kuma ta rikice. Ko jikokinta ba ta ganewa."

Ta rufe bakinta. Ashe duk su biyun sun san inda tsohuwar take, sun san halin da take ciki.

Yayyen suka juya suka kalli juna, kallo mai tsawo, kowa da diga a hannu.

"To, wanda ya karɓa ai ya san babu komai a nan," in ji Direba a hankali. "Sai ya ajiye digarsa ya fita, mu gan shi."

"Haka ne," in ji Dogo. "Ya ajiye mu gani."

Ba wanda ya ajiye. A nan Auta ta gane abin da ta yi da bakinta. Kafin ta yi magana, gajiya kaɗai ta isa ta tsayar da su wata rana. Yanzu duk wanda ya fara tsayawa ya amsa sunan ɓarawo.

"Yaya, don girman Allah," ta ce, ba ta ma san da wanne take ba. "Na yafe. Wallahi na yafe gwangwanin, ko wane ne ya riƙe. Ku bar mini bangon."

"Ni ban ɗauki komai ba balle a yafe mini," in ji Dogo.

"Balle ni," in ji Direba.

Ya tofa yawu a tafin hannunsa ya juya wajen bangon tsakiya, inda ya rage ba a haƙa ba. Dogo ya matsa kusa da shi don kada a bar shi a baya. Diga biyu suka sauka a tare, da ƙarfin da ba su taɓa sakawa ba tun da aka fara.

Auta ta koma falo. Wata siririyar tsaga ta fito a bangon daga ƙasa, tana hawa a hankali, garin siminti yana zubowa a kan labulen mutane. Ta naɗe labulen ta fitar da shi waje, tunda ba nata ba ne. Ta dawo ta tattara tabarmarta da 'yan kayan sawarta a zani ɗaya. Birkila yana tsaye a ƙofar gidansa, ya ga ƙunshin, ya zo ya kama mata.

"Ina za a kai?" ya ce.

Ta duba layin sama da ƙasa.

"Ajiye nan tukuna, Baba," ta ce.