Bandar Kaka Asibi

A shekarar korona, da aka rufe kasuwanni aka hana taro, wata ƙungiyar taimakon marasa ƙarfi daga Nguru ta fara rabon gero a Gashuwa. Halimatusa'adiya ce aka ba gidajen bakin kogi. Shugabansu Babagana ya kafa doka: a dire buhu a bakin ƙofa, a ja baya, kada a karɓi ko ruwan sha. Ga ciwo na yawo, ga kuma raɗe-raɗin da ake yi a gari wai sai ka ba 'yan ƙungiya wani abu kafin buhu ya san hanyar gidanka.

Kowa ya karɓa ban da Kaka Asibi, wadda mijinta masunci ya rasu ya bar ta ita kaɗai. Sau biyu ana ajiye mata, sau biyu tana sa a mayar.

A zuwa na uku Halimatusa'adiya ta leƙa daga zaure, da takunkumi a fuskarta. Kaza ce kwance a cikin tokar murhu.

"Kaka, yaushe rabonki da tuwo?"

"Ke mai rufaffen baki, likita kika zama?" Tsohuwar ta turo faifai da ƙafa, da kifi banda huɗu a kai. "Ɗauki wannan, in ɗauki geronku."

"An hana mu, Kaka."

"Ni ma uwata ta hana ni. Ba a kawo mini kwano ya koma wayam. Ban yi da ƙuruciya ba, sai yanzu da haƙora suka zube?"

Halimatusa'adiya ba ta ja da ita ba. Ta zauna can nesa a kan turmi, ta bar tsohuwa ta yi ta zuba. Ta ji labarin kwalekwalen marigayi, da shekarar da ruwa ya shigo har tsakar gida. Daga nan zance ya gangara kan Nana Aisha ta gidan gaba, wadda ta haihu kwana tara ke nan, mijinta direba ya maƙale a Kano tun da aka rufe hanya.

"Jego babu romo," in ji Kaka Asibi, tana girgiza kai. "Ina ruwan nono zai fito?"

Halimatusa'adiya ta fita ta kira Babagana a waya, ta gaya masa.

"Gobe a ce mun cinye kifin tsohuwa," ya ce.

"Ba mu za mu ci ba, Shugaba. Gudummawa ce ta ba ƙungiya, kamar yadda alhazai ke bayarwa. Mai jego zan kai wa, a idon 'yan unguwa."



"Ki sa safar hannu," ya ce. "Kuma ki gode mata da sunan ƙungiya."

Da ta koma ta yi bayani, Kaka Asibi ta daɗe tana kallon faifan. Sai ta cire kifi ɗaya da ya ɗan ƙone, ta shiga ɗaki ta sauya da mai kyau.

"Ki ce ta jiƙa da ruwan zafi tukuna. Kada ki ce daga ni ne."

"Wa bai san bandarki ba a unguwar nan?"

"To ta sani a cikinta." Ta kama bakin buhun ta fara ja, ta hana a taya ta. "Geron nan an surfa?"

"Ba a surfa ba, Kaka."

"Ai na sani. Tashi mini daga kan turmi."