Magajin Sarkin Jirgi

Marka ta daɗe tana sallama a ƙofar ofishin gona na sakatariyar Anka, mutanen ciki suna ta gardamar taki, babu wanda ya ɗaga kai. Sai da ta bubbuga ƙofar sannan Lukman, ɗan ƙanenta, ya waiwayo, ya taso da sauri ya durƙusa.

"Goggo, ke da kanki? Ai da kin aiko."

"Maganar ga ba ta aike ba ce. Kakanka ya yi arba'in. Hakimi ya ce yau bayan la'asar za shi tambayi gida. In da magaji a naɗa, in babu a rufe sarautar."

Sarautar Sarkin Jirgi ce ta Tungar Ɗorawa, can ƙasar Bukkuyum. Ba wata babba ba ce, amma tasu ce. Kakansu Gado ya fara cinta, don ya ƙetarar da iyalin wani hakimi na zamanin da a shekarar da gulbi ya cinye gonaki. Daga shi sai ɗansa Na'allah, wanda aka ce yana tuƙi yana gyangyaɗi, daga Na'allah sai Shehu, mahaifin Marka. A zamanin Shehu babu amaryar da ke ƙetarewa zuwa Gummi, babu buhun geron da ke zuwa kasuwa, sai ta cikin jirginsa. Marka ta tashi tana jin ana kiransa daga wancan ƙetare tun da asuba, Fulani da shanunsu, mata da ƙoren nono. Da aka yi gada kiran ya ɗauke. Tsoho kuwa bai fasa ba, kullum sai ya naɗa rawaninsa ya zauna a mashayar gulbi, motoci na wucewa ta bisa kansa, shi yana ɗaga musu hannu.

Ɗan mace ba ya cin sarautar. Marka na da samari da suka iya ruwa kamar kifi, amma a wannan magana ba su da ko ta cewa. Namijin da ya rage shi ne Lukman, wanda gulbin ya ci ubansa Abdulrahman yana goye. Uwarsa Hure ta ɗauke shi ta koma Anka, ta hana shi ko wankan rafi.

Tun a cikin bas Marka ke tanadin magiya, har da inda za ta yi kuka in ya ƙi. Wallahi ko rabi ba ta faɗa ba.

"Na karɓa, Goggo," in ji Lukman. "Ba za a rufe gidanmu ina da rai ba."

"Ka san sai magaji ya ƙetarar da jakadan hakimi, shi kaɗai, da gorar tuƙi, cikin ruwan damina?"

"Na sani. In sha Allahu zan tuƙa."

Daɗi ya kama ta. Ya goya ta a babur ɗinsa, tana riƙe da ƙarfen baya tana ta zuba masa labari, wanda ya ji da wanda iska ta kwashe.

Sun iso da azahar, gulbi ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa. Jirgin tsoho na ɗaure a gindin ɗorawa. Marka ta ce ya ɗan gwada a bakin gaɓa kafin jama'a su taru. Lukman ya naɗe ƙafar wando, ya ajiye agogo a kan takalmi, ya yi bisimilla ya shiga. Da ya miƙe tsaye da gorar sai gabanta ya faɗi, don tsayuwar ubansa ce sak, har da ɗage kafaɗar hagu.

Sai ya kafa gorar ta gangaren ruwa.

Ko yaron goye a gidansu ya san ba a yin haka. Ruwa zai turo jirgi ya hau gorar, gorar ta ɗaga mai tuƙi ta jefar. Haka ta faru. Jirgin ya juya, Lukman ya faɗa, Allah ya so ruwan wurin iya ƙirji ne. Ya taso yana tari yana dariya.

"Na gane kuskuren, Goggo. In an shiga tsakiya zan kiyaye."

Marka ba ta yi dariya ba. A tsakiyar nan Abdulrahman ya nutse, shi da aka haifa da gora a hannu, tana tsaye daidai inda take yanzu. Tsoro ya cika ta, irin wanda ta ɗauka ta binne tun tuni.

Bayan la'asar aka zauna a zauren hakimi. A al'adar garin babbar ɗiyar gida ake tambaya, don mata su suka san wanda aka haifa a ɗakin wa, kuma abin da ta faɗa ba a sauya shi. Marka ta durƙusa daga bakin ƙofa, Lukman na bayanta da wandon aro da bai kai masa idon sawu ba.

"Marka ɗiyar Shehu," in ji hakimi, "gidan Sarkin Jirgi na da magaji?"

Ta tuna rawanin ubanta a mashaya.

"Ranka shi daɗe, babu."

"Goggo, ga ni fa," in ji Lukman a hankali.

Hakimi ya dube shi, ya dube ta. "Yaron ga fa? Ba ɗan Abdulrahman ba ne?"

"Nashi ne, ranka shi daɗe, ni na yanke mai cibi. Ɗa muna da shi. Magaji ne babu."

Hakimi ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce liman ya yi addu'a ga Gado da Na'allah da Shehu, sarauta ta ƙare a kansu. Marka ta shafa tare da kowa, hawaye na bin tafin hannunta.

A waje Lukman bai dube ta ba. Ya tada babur ba ko sallama, ya hau hanyar Anka. Ta san zai daɗe bai gaishe ta ba, wataƙila har ta mutu. Ta tsaya tana kallon bayansa, yana tafe cike da fushi, lafiyarsa ƙalau, har ya sha kwana.