Layin da Na Goge

Kowace Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe, Tio Custódio, wato Kawu Custódio a harshenmu, yana shigowa da takalman roba jiƙe da raɓa, ya ɓata min daɓen da aka goge, ya gaya min halin da fili yake ciki. Ni kuma in rubuta, in ɗora a shafinmu na intanet tare da hoton da ya ɗauka da wayarsa a ranar. Shekara goma sha huɗu ke nan muna haka. Shi ne shugaban masu kula da ciyawa a filin golf ɗinmu da ke bakin teku a yankin Algarve, kusa da iyakar Sifaniya. Ni ce Graciete, mai zama a teburin karɓar baƙi, mai amsa waya, mai shan masifar duk wanda ƙwallonsa ya faɗa ruwa kamar ni na buga masa.

Ba ma yi wa labarin kwalliya. In iskar gabas ta watso gishiri a rami na sha huɗu ciyawar ta ƙone, haka za ka gani a rubuce. In aladun daji sun shigo sun tone gefen na bakwai, har hoton ɓarnar nake sawa. Filayen da ke maƙwabtaka da mu kullum labarinsu ɗaya ne: ciyawa shar, sama garau, ku zo, ku zo. Shi ya sa ba mai karanta nasu. Namu kuwa, akwai tsofaffi a Ireland da Sweden da ba sa sayen tikitin jirgi sai sun ga abin da Graciete ta ce. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba. Ban yi jami'a ba, motata ta girmi 'yata, amma maganata ana ɗaukarta.

Abin da mai zuwa hutu ya fi tsoro shi ne huda. Lallausar ciyawar nan da ke kewaye da kowane rami, wadda muke kira girin, sau ɗaya a shekara sai an bi ta da inji an huhhuda ta, dubban ƙananan ramuka masu kaurin ɗan yatsa, a cika su da yashi don saiwa ta sha iska. In ba a yi ba, ciyawar ta shaƙe ta mutu. In an yi, mako biyu cur ƙwallo ba ya gangarawa daidai, sai tsalle kamar kwaɗo. Mu a watan Agusta muke yi, lokacin da zafi ya kori masu wasa zuwa bakin ruwa, kuma tun watan Maris nake sanar da ranar.

A bara ba a yi a Agusta ba. Ruwan sama ya ƙi zuwa shekara biyu a jere, an rage mana kason ruwan ban ciyawa, rijiyarmu kuma ta fara ɗanɗanon gishiri. Custódio ya ce in ya huda girin a cikin wannan zafin ba ruwa, gara ya zuba mata fetur ya kunna ashana. Zai jira sai zafi ya sauka. Ya sa rana, tara ga Oktoba.

Oktoba kuwa ita ce kakarmu. A watan nan ne Turawan arewa ke gudo wa sanyinsu, fili ya cika tun fitowar rana.

Na rubuta layin a labarin Litinin ta ƙarshe a Agusta, ban kai ga ɗorawa ba sai ga manajanmu, Dakta Telmo, ya tsaya a bayana yana karantawa da kofin gahawa a hannu. Ba likita ba ne. A wurinmu duk wanda ya gama jami'a ya ɗaura lakataye Dakta ne.

"Dona Graciete, wannan layin na ƙasa, ki cire shi."

"Wanne? Na huda?"

"Shi."

"To hudar ce ba za a yi ba?"

"Za a yi. Tsohon nan ya ce in na hana shi zai ajiye min makullan injinsa ya tafi kamun kifi. Za a yi, amma ba sai mun yi shela ba."

Raina ya ɓaci nan take, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran izini. Na ce, "Dakta, mutanen nan ba makafi ba ne. Za su zo su ga yashi da idonsu. Ko tabarma za mu shimfiɗa a kai?"

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ja kujera ya zauna, ya ce in na sa layin nan, rabin masu zuwa a Oktoba za su tsallaka iyaka su tafi filayen Sifaniya, tafiyar awa ɗaya ce. In Oktoba ta tashi a banza, masu filin za su sallami ma'aikatan wucin gadi tun kafin Kirsimeti. Ya fara kiran sunaye, masu kicin, masu wanke motocin fili. Na uku da ya kira Idalina ce, matar ƙanena, wadda mijinta ya yi wata biyar a kwance da ciwon baya. Ya san abin da yake yi da ya kira sunanta.

"Ba ƙarya na ce ki yi ba," in ji shi. "Shiru kawai."

Na goge layin. Yatsa ɗaya, dannawa ɗaya, ba wuya.

Da Custódio ya ga labarin a wayarsa, sai ya dawo ya jingina da teburina yana sakace haƙori da tsinken ciyawa.

"'Yar nan, ina ranata?"

"Tambayi Dakta."

"Dakta ba ya rubuta labarin Litinin. Ke na sani."

"Tio, don Allah ka bar ni. Kana so a kori Idalina?"

"Ni ciyawa na sani, ban san korar mutane ba." Ya tofar da tsinken a kwandon shara, ya kuskure, bai sunkuya ya ɗauka ba. "Amma ranar tara inji zai fita, ko Fafaroma ne ke tsaye a kan girin."

Bayan kwana uku Mista Fintan ya bugo waya. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne daga yammacin Ireland, shekara sha ɗaya yana kawo abokansa bakwai duk Oktoba. Shi ne mai shirya musu komai, jirgi, masauki, lokacin wasa, su kuma aikinsu su yi ta ƙorafi suna tsokanarsa. Mutum ne mai surutu, ya san sunan 'yata, ya san shekarar da aka yi min aikin gwiwa.

"Graciete, sarauniyar Algarve! Ya gwiwa? Har yanzu ba ki yarda kin auri ɗan Ireland ba?"

"In na ga mai haƙora cikakku a cikinku zan duba."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya dawo kan abin da ya kira a kai. Mako ɗaya kawai suke da shi a shekarar, daga goma ga Oktoba, don ɗaya daga cikinsu yana da ranar asibiti bayan nan. Ya karanta labarina na duk makonnin Agusta, bai ga maganar huda ba.

"Ba ku yi ba ke nan. To yaushe? In a makonmu ne ki gaya min, ba komai, bana mu leƙa Sifaniya, baɗi mu dawo gida. Mutanen nan in suka ga yashi a girin da raina za su binne ni a ciki."

Dakta ba ya kusa. Yana can wajen cin abinci da wasu baƙi, ba wanda ke jina sai kyanwar kicin. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema min uzuri. Na kalli kalandar da ke jikin bango, inda Custódio ya zagaye ranar tara da jan biro, na ce, "Ba a sa rana ba tukuna. Ina ganin sai Nuwamba."

"Shi ke nan. Tunda ke kika faɗa, yau zan sayi tikiti."

Shiru aka ce in yi, ni kuma na ƙara da nawa. Na yi ta gaya wa kaina zan kira shi gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama wata. Sau biyu ina danna lambarsa ina kashewa kafin ta shiga. Da farko tsoron Dakta ne, daga baya kuma kunyar Fintan ɗin ce kanta, don in na kira dole in ce masa wancan karon ƙarya na yi. Custódio ya ci gaba da zuwa duk Litinin, ya faɗi nasa, ya miƙo hoto, ya fita. Ya daina zama shan gahawa.

Ranar tara inji ya fita. Zuwa la'asar duk girin goma sha takwas sun koma ruwan ƙasa, kamar an barbaɗa musu garin biredi. Custódio yana ta murna abinsa, yana cusa yatsa a ramukan yana cewa yanzu ne yarinyarsa, wato ciyawar, za ta yi numfashi.

Washegari da hantsi motar haya ta sauke su Fintan, tsofaffi takwas da jajayen fuskoki da gajerun wanduna. Dakta ya bar min takardun cin abincin rana kyauta in ba duk wanda ya yi ƙorafi, shi kuma ya tuna yana da taro a garin Faro. Tun safe na sha zagi da harsuna huɗu. Wani Bajamushe har hoton fuskata ya ɗauka. Wannan duk bai dame ni ba, na saba. Su Fintan nake jira.

Sun wuce kai tsaye zuwa rami na ɗaya, don sun makara. Ta taga na hango su a girin ɗin farko. Sun tsaya cirko-cirko suna kallon ƙasa, sannan duka bakwai ɗin suka juya suka kalli Fintan. Ya cire hularsa ya sosa kai. Suka buga wasansu haka nan, awa huɗu da rabi.

Da suka dawo na riga na shirya. Na jera takardun abinci guda takwas a kan tebur, na haddace abin da zan ce. Na so ya yi min ihu, da ya fi min sauƙi, don ni ma na iya ihu.

Ya shigo gaba, abokansa a bayansa suna ta yi masa tsiya. Wani dogo mai sanƙo yana cewa, "Ga babban mai shiri! Shekara guda yana karanta mana labarin Litinin kamar wasiƙar budurwa, ya kawo mu wasa a gonar dankali!"

Fintan ya ɗaga hannu. "Ku yi min shiru, tsofaffin banza." Ya juyo wurina, fuskarsa duk gumi, da yashi a gwiwar wandonsa. "Graciete, tun rami na ɗaya nake gaya musu. Na ce wannan ba aikinki ba ne. Manyan ne suka sauya rana a ƙurarren lokaci ba su gaya miki ba, haka suke yi ko'ina, ni ma na yi aiki a ƙarƙashin irinsu. Na ce matar nan ta taɓa sa hoton kashin alade a shafinta, ita ce za ta ɓoye mana yashi? Da ta sani da ta kira ni. Gaya musu da bakinki, su bar ni in sha ruwa."

Ya riga ya shimfiɗa min hanya. Kai kawai zan gyaɗa, in ce haka ne, Dakta ba ya nan balle ya musa, kowa ya tafi cin abinci. Takwas ɗin duka suna kallona, mai sanƙon ma ya sassauta, yana jiran ya ba ni haƙuri.

Na ce, "Na sani, Mista Fintan. Tun Agusta aka sa ranar. Lokacin da ka kira ni ma, tana rubuce a bangon nan."

Fintan ya kalli kalandar, ya daɗe yana kallon jan zagayen. Kunnuwansa suka yi ja. Na fara cewa wani abu game da fari da ma'aikata da Idalina, na ji muryata tana fita kamar ta Dakta, sai na yi shiru.

"To," in ji shi. "Na gode da kika faɗa."

Ya tura min takardun abincin da ɗan yatsa, a hankali, har suka dawo gabana. Mai sanƙon ya dafa kafaɗarsa suka fita. Daga ranar ban ƙara jin ɗayansu ya tsokane shi a kan maganar ba, kuma wannan ya fi min ciwo fiye da tsiyar.

Washegari ya iso da wuri, shi kaɗai, yana so ya san ko girin za ta ɗan kwanta kafin ƙarshen makonsu, ko su nemi wani filin. Na san amsar, Custódio ya gaya min minti goma kafin nan. Na miƙe tsaye da na ga ya shigo. Ya ce, "Barka da safiya, madam," ya wuce teburina, ya fita ta ƙofar baya, ya gangara rumfar injuna.

Custódio ba ya jin Turanci ko na gaisuwa, Fintan kuma bai san komai a harshenmu ba sai na gode. Na tsaya a taga ina kallonsu tsugune a gefen girin na tara, tsofaffi biyu, ɗaya yana nuna yashi yana ɗaga kafaɗa, ɗayan yana lissafa masa kwanaki da yatsu. Sun fi minti ashirin a haka. Ni da nake jin harsunan biyu, ba wanda ya waiwayo ya kira ni.